Neman Ekaran Don Kamiyon Yaya

A danginmu ni ce aka ce na san ordinatar, wato kwamfuta. Dalilin bai wuce aikina ba: sakatariya ce ni a wani biro, wato ofis, a nan Damagaram, kullum ina gaban na'ura ina buga takardu. In wayar wani ta ƙi kunnuwa, ni ake kawo wa. Ko rediyon Inna ne ya yi shiru a Hamdara, sai a aiko mini da shi a bakin buhun gero. Abin da na sani kuwa bai taka kara ya karya ba. Na san inda haruffa suke ko da idona a rufe, na san yadda ake adana takarda da yadda ake fitar da ita. In na'urar ta yi gardama, kashe ta nake yi in sake kunnawa. In ta ci gaba da gardama, in kira mai kula da na'urorin biro.

Yayana direban kamiyo ne, babbar motar kaya, ko in ce ya taɓa zama. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, a gidansa na yi lakwal, karatun boko, har na kama aiki. Ya daɗe yana bin hanyar arewa, ya hau da gero da wake, ya sauko da dabino da gishiri. Wata shekara bayan damina motar ta kife da shi kafin Tanut. Da sauran kwanansa a gaba, amma ƙugunsa da ƙafarsa ta hagu sun karye. Bayan asibiti da ɗori ya miƙe da sanda, likita ya ce maganar tuƙi ta ƙare.

Bai yi ƙorafi ba. Da ya yi, da mun san abin da za mu ce masa. Sai ya koma zama ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke tsakar gidansa, daga safe har inuwa ta juya. In babbar mota ta wuce a kwalta, ya ɗaga kai ya saurara har ƙarar ta ɓace, sannan ya mayar da kansa. Abokansa na tasha sun yi ta zuwa da farko. Da suka ga ba ya son hirar hanya, su kuma ba su da wata hirar, sai zuwan ya ragu.

Mai kula da na'urorin biro ɗinmu mutum ne mai son wasannin ordinatar, duk da yana da mata da ƴaƴa. Wata rana a hutun azahar na ga yana kallon wani abu a wayarsa, na leƙa. Cikin babbar mota ne, ga bolan, wato sitiyari, ga hanya tana tahowa, ga ruwan sama yana dukan gilashi. Na ce wane fim ne wannan. Ya ce ba fim ba ne, wasa ne, shi ne yake tuƙin a gida, ya ɗauka ne don ya nuna wa wani. Ba harbi, ba gudu, kaya kawai kake ɗauka daga wani gari ka kai wani. Na roƙe shi ya tura mini.

Da yamma na kai wa Yaya. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa ya kalla har ƙarshe. Can ya ce, "Wannan direban bai iya shan kwana da tirela ba." Ya miƙo mini wayar. Kafin in sa ta a jaka ya ce, "Auta, sake kunna mini."

Ba da jimawa ba aka yi wa abokin aikin nan nawa canjin wurin aiki zuwa Yamai. Da na ba shi labarin Yaya, ya ce ai ya sayi sabuwar na'ura, tsohon akwatin ordinatar ɗin in ɗauka, da bolan ɗin da abin takawa, wasan ma yana ciki. Abu biyu ne kawai ya cire ya ba ƙanensa.

"Kart grafik da ekaran za ki saya, Madam. Shi ke nan. Ba wuya."

Na yi masa godiya, na maimaita sunan a raina don kar in manta. Ekaran na sani, gilashin da ke nuna hoto ne, gabansa nake wuni. Kart kuwa na ɗauka kati ne irin wanda ake zurawa a waya.

Ranar Asabar na hau kabu-kabu zuwa Zango, inda aka kwatanta mini wani butik a layin masu sayar da wayoyi. Mai butik ɗin dattijo ne mai furfura a gemu, da tabarau a rataye a wuya. Bayansa ekaran ne jere a kan katako, wasu a kwali, wasu an lulluɓe su da leda.

"Hajiya, me ake nema?"

"Kart grafik da ekaran."

"Na aiki ko na wasa?"

"Na wasa."

"Wane wasa?"

"Na mota. Babbar mota."

Ya gyaɗa kai kamar na ba da amsa mai kyau, sai na ji daɗi. Daga nan ban sake ba da amsa ko ɗaya ba. Ya tambaye ni katin mai jiga nawa nake so. Ya tambaye ni ekaran pus nawa, wato girmansa, da herz nawa. Ya tambayi ƙarfin abin da ke raba wuta a cikin akwatin, wai in katin ya fi ƙarfinsa na'urar za ta riƙa mutuwa. Ya tambayi ko akwatin ma yana da wurin da katin zai shige. Ni dai na riga na zuge ƙaramin aljihun jakata, inda nake nufin sa katin. Sai ya sunkuya ya ɗauko wani abu ya aza a kan tebur. Ya kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu, da nauyi, da farfela biyu a jikinsa irin na wantilatar, wato fanka.

"Wannan ne katin?"

"Wannan ƙaraminsu ne, Hajiya."

Na zuge aljihun na rufe. Ya ce in je in zo da akwatin ya gani.

A ranar na aika wa abokin aikina saƙo. Ya amsa da saƙon murya mai tsawo, ana jin ƙarar motocin Yamai a bayansa. Ya ce kar in bari a ruɗa ni, ekaran ake fara zaɓa. Ekaran shi ke da ɗige-ɗigen da ke haɗa hoto, yawan ɗigon shi zai faɗi irin katin da zai iya cika su. In na sayi kati tukuna, na yi aikin baibai. Na saurara sau da yawa har na ji na gane.

Na koma Zango da akwatin a cinyata, mai kabu-kabu yana ta cewa in riƙe da kyau. Mai butik ya kwance gefensa, ya busa ƙura, ya sa tabarau ya leƙa. Na ce masa, da murya irin ta wadda ta sani, ekaran zan fara zaɓa.

"Wa ya gaya miki? Kati ake fara saye. Kati shi ne injin. Akwatin nan akwai iyakar katin da zai iya ɗauka, katin kuma akwai iyakar ekaran ɗin da zai iya ja. In kika zaɓi ekaran tukuna, kika zo akwatin ya ce bai iya ba fa?"

Wannan ma na ji na gane. Abin da ya dame ni ke nan a duk kwanakin nan: duk wanda ya yi magana sai in ga shi ke da gaskiya, har sai ɗayan ya yi tasa.

Ya kunna mini ekaran biyu gefe da gefe. Ya ce na hagu herz sittin ne, na dama ɗari da arba'in da huɗu, wato na dama ya fi saurin sauya hoto. Ya kama linzamin na'urar ya riƙa jan wani farin akwati daga gefe zuwa gefe, a wannan, sannan a wancan.

"Kin ga bambancin?"

"A'a."

Ya sake ja, a hankali, sannan da sauri. "Yanzu fa?"

Na matso har na kusa taɓa gilashin da hanci. Farin akwati yana tafiya a hagu, farin akwati yana tafiya a dama. Na ce masa wallahi ban ga komai ba. Bai ji haushi ba, ya ce wasu idanun sai sun saba. Sai ya kunna na uku, ya nuna mini hoton ganye da raɓa a kansa. Wannan kam na gani. Har ƴan jijiyoyin ganyen ana ƙirgawa. Na ce to ga shi, wannan nake so. Ya ce wannan katar-ka ne, katin da zai ja shi a wasa ba zai ma shiga akwatina ba. Na tambaye shi ko katar-ka sunan kamfanin ne. Ya ce a'a, yawan ɗigo ne. Na ce to me ya sa ya nuna mini. Ya ce don in san akwai shi.

Na dawo gida ba kati ba ekaran, na bar masa akwatin.

Matar Yaya mace ce mai yanke magana gajere. Da na zayyana mata abin da ake ciki, tana tankaɗe, ta ce, "Ga tele can a ɗaki. Ba hoto take nunawa ba?"

Na tambayi abokin aikin nan nawa na Yamai. Ya ce tele tana da jinkiri. In Yaya ya juya bolan, sai bayan kamar ƙiftawar ido motar za ta juya. Na gaya mata.

"Saboda ƙiftawar ido ɗaya za ki sayo wata telen?"

Na shiga ɗaki na juya telen na duba bayanta. Ramuka ne iri-iri, ja da fari da ɗorawa, da wani shuɗi mai ƙananan huji. Na ɗauki hoto na aika wa na Yamai. Ya ce telen tsohuwa ce, ba ta da ramin da ake buƙata, sai da wata mahaɗa, mahaɗar kuma tana ƙara jinkiri. Abin da ya kashe maganar dai ba wannan ba ne. Matar Yaya ce da kanta ta tuna cewa in aka ba shi telen, ita ba ta da inda za ta kalli shirinta na yamma.

Na je wurin Yaya ƙarƙashin bishiya. Na ce masa akwai babban ekaran, akwai madaidaici, akwai mai lanƙwasa kamar ɓawon kankana, akwai miƙaƙƙe, akwai mai saurin hoto, akwai mai kaifin hoto. Wanne yake so?

"Wanda ake ganin hanya," ya ce.

"Duka ana gani, Yaya."

"To ke kika sani, Auta. Aikinki ne."

Na tashi na bar wurin. A biro washegari na zauna ina kallon ekaran ɗin da na shekara da shekaru ina aiki da shi, na ga ban san pus nawa ne ba, ban san herz ɗinsa ba, ban taɓa ma duba bayansa ba.

A ƙarshe gajiya ce ta yi mini zaɓi. Na koma Zango na ce wa mai butik ya ba ni katin da ya ga akwatin zai ɗauka ba tare da an canza komai ba. Ya ɗauko wani matsakaici, wanda aka taɓa amfani da shi. Ekaran kuma na nuna mai lanƙwasar nan, babba, don a kansa ne kawai shi da na Yamai suka yarda da juna. Dukansu sun ce yana kewaye ido, mutum ya ji kamar yana cikin motar. Mai butik ya ce in kai a gwada, in bai yi ba in dawo da shi, muddin ban yar da kwalin ba. Ya ce shi da kansa zai zo ya haɗa.

Ya zo bayan la'asar a kan babur ɗinsa. Muka sa tebur a ɗakin Yaya, ya ɗaure bolan a bakin teburin, ya ajiye abin takawa a ƙasa. Saboda ƙafar hagun, ya saita motar ta riƙa canza bitas, wato giya, da kanta. Yaya ya shigo da sandarsa ya zauna a kujerar roba. Ya kama bolan ɗin ya jujjuya.

"Wannan ai murfin tukunya ne."

Amma bai sake shi ba. Hoton ya fito. Muna cikin wata farfajiya mai shinge, sama ta yi toka-toka, ga wasu motocin a jere. Injin ya tashi, ƙararsa ta cika ɗakin, matar Yaya ta baro murhu ta tsaya a bakin ƙofa. Ya taka a hankali. Motar ta fita daga farfajiyar ta hau hanya. Na dubi hannunsa, na ga yadda yake miƙa bolan daga wannan hannu zuwa wancan ba tare da ya duba ba, na ce a raina an gama.

Da ya zo mararraba sai ya juya kansa hagu gaba ɗaya. Labulen taga ya gani. Ya dawo da kai, ya juya dama, ya ga matarsa. Motar ta hau gefen hanya. Ya gyara, ya ci gaba. Ba a jima ba na ga gumi yana tsattsafo masa a goshi, alhali wantilatar tana kansa. Ya ɗauke ƙafa, motar ta tsaya a tsakiyar titi, na baya suna ta oda.

"Ɗakin yana juyawa," ya ce.

Muka kama shi ya kwanta. Ya ce zuciyarsa tana tashi. Matarsa ta kawo ruwa da lemun tsami, ba ta dube ni ba, ni ma ban nemi ta dube ni ba. Mai butik ya kashe na'urar ya yi mana sannu ya tafi.

Kowa ya kawo dalilinsa. Na Yamai ya ce laifin haɗin ne: ekaran ɗin ɗigonsa ya yi wa katin yawa, hoton yana sarƙewa kaɗan-kaɗan ko da ido bai lura ba, shi ke kawo jiri. A rage inuwa da ƙyallin ruwa da ciyawar gefen hanya a cikin wasan, za a ga ya daina. Mai butik ya ce katin lafiyarsa lau, lanƙwasar ce, akwai kan da ba ya ɗaukarta, kuma mun zaunar da shi kusa da yawa. Matar Yaya ta ce mutum ya sha maganin ƙashi tun azahar bai ci komai ba, aka sa shi gaban abu mai motsi, me ake jira?

Ni ma ina da nawa dalilin, amma ban faɗa wa kowa ba. Rabonsa da riƙe bolan tun ranar da motar ta kife. Ban sani ba ko ekaran ne ya juya masa ɗaki ko wancan yinin ne ya dawo masa. In kuwa shi ne, to ba katin da zan saya ya gyara, kuma ni ce na ɗauko abin na kawo masa har ɗaki. Na kwana da niyyar in mayar da komai, in ce wa na Yamai ya aiko a ɗauki akwatinsa.

Da safe na biya gidan kafin in wuce biro. Na tarar da shi ƙarƙashin bishiya yana shan kunu. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

"Motar nan ba ta da madubi?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ta yaya za a ba mutum tirela ba madubi? Ina jin na baya, ba na ganinsu." Ya kurɓi kunu. "Kuma gilashin ya matso mini fuska. A kai ni wurin mutumin nan in gani da idona."

Tun da ya dawo daga asibiti, in ba komawa ganin likita ba, bai taɓa cewa a kai shi ko'ina ba. Ko masallacin Juma'a sai an yi da gaske. Na dubi matarsa, ta ɗaga kafaɗa.

Ranar Asabar muka ɗauki adaidaita, shi a gefe ɗaya da sandarsa, ni a ɗaya gefen, kwalin ekaran a tsaye tsakaninmu, akwatin da bolan a ƙafafunmu. Mai butik ya ba shi kujerarsa, ya share tebur, ya haɗa na'urar. Da Yaya ya yi maganar madubi, ya yi ɗan tunani, ya danna wani maɓalli ɗaya. Sai ga madubai biyu sun fito a kusurwoyin hoton, ɗaya hagu ɗaya dama, ana ganin jikin tirelar da hanyar da aka baro.

"Yawwa," in ji Yaya.

Daga nan aka shiga gwaji. A cire wannan ekaran a sa wancan, ya tuƙa kaɗan ya ce a canza. Mai saurin hoton nan da na kasa ganin bambancinsa, shi ma ya ce bai ga komai ba, abin da ya ɗan sanyaya mini rai. Wani ya ce haskensa yana soka masa ido. Wani ya ce ya yi ƙanƙanta, kamar leƙe ta taga. Masu sayar da wayoyi na maƙwabta suka taru a ƙofa suna kallo, wani yana cewa ya ƙara wuta, Yaya bai kula shi ba. Can ya nuna wani da ke ƙasa jingine da bango, ba kwali, ba leda.

"Wancan fa?"

Mai butik ya ce wannan tsohon na biro ne, miƙaƙƙe, herz sittin, ga ma ɗan karce a kusurwa. Ba na wasa ba ne. Yaya ya ce a sa. Aka sa. Ya matsar da kujera baya, ya tuƙa, ya sha kwana, ya shiga wani dogon rami a cikin dutse ya fito. Ya daɗe fiye da sauran. Ya tsaya a gefen hanya ya ce wannan.

"Malam, katin nan ya fi ƙarfin wannan ekaran," in ji mai butik. "Asara ce. Rabin aikinsa zai riƙa yi."

"To ya huta," in ji Yaya.

Muna ɗaure kaya na tambayi mai butik a gefe ko madubin nan a wannan ekaran ɗin kawai yake fitowa. Ya ce a'a, a kowanne yana fitowa, har da mai lanƙwasar, ranar ne dai bai tuna ya danna ba. Na tsaya da igiya a hannu. Wato da an danna maɓallin tun a gida, wataƙila da babban yana nan a ɗakin. Ko kuma da jirin ya zo duk da haka. Na tambaye shi wanne ne. Ya ce Allah ne masani.

A hanyar dawowa Yaya ya ce wa mai adaidaita ya bi ta tashar manyan motoci, ko da yake zagaye ne. Bai ce a tsaya ba. Muka wuce a hankali ta gaban motocin da ake lodi, wani mutum a saman buhuna ya gane shi ya kira shi, Yaya ya ɗaga masa sanda.

A gida abubuwa da yawa suka canza a lokaci guda. Ekaran ya canza. Na bi saƙon na Yamai na rage inuwa da ciyawa, yana faɗa ina dannawa, ban san rabin abin da na danna ba. Yaya ya sa aka ja teburin nesa, aka ɗora masa matashi biyu a kujera don ya riƙa kallon hanya daga sama. Matarsa kuma ta kafa doka, ba ya zama sai ya ci abinci. Jirin bai dawo ba. Na Yamai ya ce ai ya faɗa. Mai butik, da na biya ta wurinsa, ya ce ai ya faɗa. Matar Yaya ba ta ce ta faɗa ba, kwanon tuwo kawai take ajiyewa a kan teburin kafin a kunna.

Na Yamai bai ji daɗin ekaran ɗin ba. Da na aika masa hoto ya ce, "Madam, duk wahalar nan a kan wannan kika ƙare?" Har yau in muka yi waya sai ya ce in an samu hali a canza. Wani lokaci in na tuna ganyen nan mai raɓa, nakan ji kamar na cuci Yaya. Wani lokaci kuma in ga yadda ciyawar gefen hanyarsa ta zama kamar an shafa koren fenti, in tambaye shi ko a mayar da ita yadda take. Ya ce shi ba ciyawa yake kallo ba.

Tuƙinsa ba irin na masu wasa ba ne. Ba ya gudu. Yana ba da sigina ko ba kowa a hanya. In aka kira salla ba ya danna maɓallin tsayar da wasan, ko da yake na nuna masa. Sai ya nemi wuri mai faɗi ya faka, ya kashe inji, sannan ya ɗauki sanda. Sunayen garuruwan ba ya iya karanta su, ya raɗa musu nasa: garin gada, garin masu jan rufi, garin da ake cin tara. Da bazara ta yi tsanani farfelun katin suka riƙa kuka, akwatin ya yi zafi kamar murhu, sai ya mayar da tafiyarsa safe da bayan la'asar, ya ce ko can da ba a bin hanya da tsakar rana.

Wata Lahadi a farkon damina ina gidan, ina zaune a bayansa ina tsinke zogale. Ya ɗauko kaya tun jiya daga wani gari na bakin teku, ya ce saura kaɗan ya kai. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara buga ƙofofi, matarsa tana ta kwashe shanya. Yana cikin hawan wata gada aka ɗauke wuta. Ekaran ya yi baƙi, farfelu suka tsaya, ɗakin ya yi tsit sai ƙarar kwano a sama.

Ya zauna hannunsa a kan bolan.

"Auta, kayan fa?"

"Wane kaya?"

"Kayan mutane. Na bar su a kan gada. In wuta ta dawo a nan zan same su, ko sun tafi?"

Na ce ina jin wasan yana adana tafiya da kansa, amma ban san ko a ina ya adana ba. Na ɗauko waya in tambayi na Yamai, na ga ba rezo, wayar ba ta kamawa. Ruwa ya sauko da ƙarfi. Matar Yaya ta shigo da kaya a kafaɗa, ta ce a tashi a taya ta tare bakin ƙofa kafin ruwa ya shigo. Na ajiye zogalen na tashi. Shi kuwa ya jawo sandarsa ya aza a cinya, ya ce bari ya ɗan jira, wataƙila ba za su daɗe ba.